Lamba Tara ta Sani

Yaya Issufu,

Ka taɓa jin an ba gola burs a ƙasar nan? Riƙe wannan tukuna. Ina gaisuwa. Ya Yamai, ya aiki, ya Hadiza da yara? Mu lafiya lau, sai geron da ya bushe a tsaye.

Maganar ƙanenmu Sani ce. Shi ke buga lamba tara a kolejin Tasawa. Wata mai zuwa masu zaɓen 'yan ƙwallo za su zo daga Maraɗi, wanda suka ɗauka shi ke samun burs, wato kuɗin makaranta, ya ci gaba da karatu. Baba ya saida akuyarmu ta ƙarshe ya saya mashi takalman ƙwallo. Sai malamin wasanni ya kira shi: "Kai dogo ne, koma gola, can aka fi nema." Sakaran ya dawo gida yana murna!

Ban shiga lakwal ba, amma na iya karatu. Na duba sunayen da aka manna a ƙofar makaranta. Lamba tara yanzu ɗan kumandan sojan garin nan ne, wanda bai taɓa jefa ƙwallo a raga ba.

Ka gaida kowa, ka sa mu a addu'a. Kuma ka zo taron iyaye, kai suke jin kunya. Ina so malamin ya tashi gaban jama'a ya faɗa mana: tsawon Sani ya duba, ko kakin uban wancan?

Ƙanenka,
Lawali