Rasuwar Malam Sallau Lausu da Matsayin Hukuma Kan Karɓa-karɓar Laburare

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Mai kowa Mai komai, Hukumar Gudanarwar Kwalejin Ilimi ta Rafin Marke da ke Rano, ƙarƙashin jagorancin Mai Girma Shugaban Kwaleji, Dakta Alhaji Haliru Gwadabe, Garkuwan Malamai, Uban Ɗalibai, tare da Mai Girma Magatakarda da ɗaukacin shugabannin tsangayoyi, ta samu labarin rasuwar ɗaya daga cikin tsofaffin ma'aikatanta, Malam Sallau Habu Lausu, Mataimakin Shugaban Laburare, wanda Allah ya yi wa cikawa ranar Talatar da ta gabata a kan hanyar kai shi asibiti daga reshen kwalejin da ke Kibiya, bayan fama da ciwon asma, aka kuma yi masa sutura a mahaifarsa Lausu kamar yadda addinin Musulunci ya tanada. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Hukuma tana miƙa ta'aziyyarta ga mahaifiyarsa Hajiya Tani, da mai ɗakinsa Malama Sa'adiya, da 'ya'yansa Khalid da Fatima Zahra'u da Ihsan, da yayansa Malam Shitu Habu, da Mai Girma Dagacin Lausu, da limamai da dattawan gari, da kuma abokan aikinsa huɗu da ya bari a laburare. Da son samu ne, a nan za mu tsaya mu yi addu'a mu tashi. To amma tun ba a dawo daga maƙabarta ba surutu ya cika gari, ana ta tambayar ko tsarin karɓa-karɓar aiki da marigayin ya kafa wa ma'aikatan laburare zai ɗore a bayansa, wasu ma har sun fara ɗora wa hukuma alhakin abin da Allah ya ƙaddara. Saboda haka wannan sanarwa za ta taɓo batun, kowa ya ji da kunnensa, a huta da raɗe-raɗi.

Malam Sallau ya kama aiki tun kwalejin nan tana jeri biyu na ajujuwa, lokacin da abin da ake kira laburare ɗaki ɗaya ne mai yoyo, littattafai a cikin kwalaye, ɓeraye suna shagalinsu. Shi ya sa aka haɗa kantoci, shi ya jera littattafan, ya manna musu lamba, ya buga musu hatimi, ya bi malamai gida-gida yana karɓo waɗanda suka ara suka yi shiru. A waɗannan shekaru, wallahi babu ma'aikaci kamarsa. Yana riga maigadi buɗe ƙofa, ba ya tashi sai an kashe janareta. Akwai shekarar da taifot ta kama shi, yana rawar ɗari a kan kujera, bai yi fashin kwana ɗaya ba, kuma ranar sunan ɗansa na fari yana kan teburinsa yana yi wa sababbin ɗalibai katin aro. Ya tafi Kano ya ƙaro karatu har digiri, ya dawo, kowa ya sa ran kujerar Shugaban Laburare tasa ce, lokaci kawai ake jira. Wannan shi ne Malam Sallaun da hukuma take so a riƙa tunawa.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jihar nan, hukuma, cikin hangen nesa da kishin addini, ta raba lokacin karatu tunda zauren ɗaya ne: ɗalibai mata daga safe zuwa azahar, maza daga azahar zuwa bayan isha'i. Ma'aikata biyar ne, ba a kuma samu sararin ƙara ko ɗaya ba, don haka duka biyar ɗin suke wuni a tsaye, suka kuma yi ba tare da ƙorafi ba har na tsawon zango biyu. Sai wata ranar Laraba Malama Hansatu Sagiru, mai kula da sashen aro, ta yanke jiki ta faɗi a tsakanin kantoci tana da ciki, ta yi ɓari. Ɓari kuwa ƙaddara ce, matan da ba su taɓa leƙa ofis ba ma suna yi kullum a ƙauyukan nan. Amma tun daga wannan rana Malam Sallau ya zama wani mutum daban, kamar an canza mana shi.

Ya zauna ya tsara abin da ya kira karɓa-karɓa: mutum biyu su yi safe, biyu su yi yamma, ɗaya ya huta, ana juyawa, mai shayarwa kuma ta tashi da azahar ko da wa ya zo. Tsohon shugaban kwaleji na wancan lokaci, mutum mai sanyin hali, ya sa hannu. Shi ke nan fa, laburare ya koma gidan hutu. Wannan ya tafi gona da hantsi, wancan ya shiga makarantar Islamiyya ta yamma, waccan ta kai yaro rigakafi, shi kuma gogan naka ya hau babur ya nufi Lausu ya tarar da tuwon rana da zafinsa. Gaskiya ne babu ɗalibin da ya taɓa kawo ƙara, ba a kuma rasa littafi ba, wannan ba mu musanta ba. Sai dai babban baƙo zai shigo da rakiyar Mai Girma Shugaba ya tarar da ma'aikata biyu tak suna gaishe shi, alhali a takarda biyar ne, mu da ke bayan baƙon mu rasa inda za mu sa fuskarmu.

Da Mai Girma Dakta Alhaji Haliru Gwadabe ya karɓi ragamar kwaleji, saboda karamcinsa da sanin darajar manya, ya kira marigayin ofishinsa ya yi masa tayin kujerar Shugaban Laburare, da ofis mai iyakwandishan, da motar aiki, da kujera a majalisar kwaleji, bisa sharaɗi ɗaya ƙwal, wato ya soke karɓa-karɓa. Marubucin wannan sanarwa yana wurin. Malam Sallau ya yi godiya, ya sunkuyar da kai, ya ce ranka ya daɗe a ba wani. Ya ce shi dai yanzu ci gaban da ya sani shi ne ya ga mutanensa sun tashi aiki da ƙafafunsu, sun je gida 'ya'yansu ba su yi barci ba, kuma in aka ce sai ya taka su zai hau, to ya haƙura da hawan. Haba jama'a! Mutum mai digiri, mai iyali, a miƙo masa girma har cikin hannu ya ce a kai kasuwa? Sa'o'insa da suka shigo tare yau wani magatakarda ne a wata kwalejin, wani ya gina bene a Kano, wani ya sauke farali har sau biyu. Shi kuwa ya mutu a kan matakin da yake tun shekarun baya, da baburinsa mai hayaƙi da jakar ledarsa. Ba gori muke yi wa mamaci ba, Allah ya kiyaye, amma matasan ma'aikata suna karanta wannan takarda, ya kamata su san abin da taurin kai yake jawowa. Duk da haka hukuma ta ƙyale tsarin nasa yana tafiya, don kunyar idonsa da furfurarsa.

Game da canjin wurin aiki da aka yi masa zuwa reshen Kibiya a farkon bana, wanda 'yan tsugudidi suka mayar abin taɗi a majalisu, hukuma tana tabbatar wa jama'a cewa ba horo ba ne. Akwai sito a can maƙare da tsofaffin littattafai da mujallu da gara ta fara ci, ana buƙatar gogaggen mutum ya tantance su, kuma babu wanda ya kai shi gogewa. Ana cewa wai hukuma ta san yana da asma. E, ta sani, wa ma bai sani ba, tarin Malam Sallau har ofishin magatakarda ana jin sa. Ana cewa wai siton ba shi da taga, kuma ana fesa masa maganin ƙwari duk mako. To da me za a kashe gara, da turare? An ba shi ƙyallen rufe hanci har guda biyu. Mutumin da ya yi aiki da taifot yana saurayi, ba mu zaci ƙurar takarda za ta gagare shi ba. Hutun jinya da ya nema tun kafin faɗuwar damina kuwa ba a hana shi ba, kwamitin da ke duba irin wannan ne bai samu zama ba saboda shugabansa ya tafi Umara. Da ya dawo aka zauna ranar Alhamis ɗin nan, aka amince da hutun baki ɗaya ba tare da gardama ba, sai dai an riga an binne mai neman. Mutum ne da bakinsa bai rabu da zancen hutu ba, yau ga shi Allah ya ba shi wanda babu kwamitin da zai tsaya masa.

Ranar Juma'a Mai Girma Shugaban Kwaleji ya ajiye duk ayyukan da ke gabansa, ya jagoranci tawaga mai motoci huɗu har Lausu, a cikin taɓon damina, ya kai wa iyalan buhun shinkafa da allon yabo mai ruwan zinare ɗauke da sunan marigayi a matsayin Gwarzon Ma'aikaci. Hukuma ba za ta ɓoye takaicinta ba game da yadda aka karɓe ta. Malama Sa'adiya, wadda muke yi wa uzuri da zafin rashi, ta aiko daga cikin gida aka dawo da allon zaure, ta ce ba ta da bangon da za ta rataya shi. Sannan yayan marigayi, Malam Shitu, ya tashi a gaban dagaci da liman ya ce ƙaninsa ya bar wasiyya, wai a cikin motar da ta ɗauko shi daga Kibiya, numfashi yana sarƙe masa, abin da ya iya faɗa bayan kalmar shahada shi ne a roƙi hukuma don girman Allah kada a taɓa wa yaran nan karɓa-karɓarsu. Malam Shitu ya ce ba su neman komai a wurin kwaleji sai wannan, ya faɗa yana kuka, jama'a suka zuba wa Mai Girma Shugaba ido kamar shi ya ɗauki ran. Wannan ba tarbiyya ba ce, kuma ba a yi wa babban mutum haka a bainar jama'a.

Duk da haka, da yake muna zamanin Shari'a, hukuma ba ta yi wasa da kalmar wasiyya ba, ta zauna ta dube ta da idon basira. Abin da kowane ɗalibin ilimi ya sani shi ne wasiyya tana aiki ne a cikin sulusin abin da mutum ya mallaka. Baburinsa nasa ne, gonarsa tasa ce, ya yi wasiyya da su yadda ya so. Lokacin ma'aikata kuwa na kwaleji ne, bai taɓa zama na Malam Sallau ba ballantana ya bar wa wani. Kunyar idonsa da ta sa aka yi shiru a baya, to idon ya rufe.

Saboda haka, domin karrama marigayi da dawwamar da sunansa, Hukumar Gudanarwa ta yanke shawara kamar haka. Daga yau an sa wa laburaren kwaleji suna Zauren Karatu na Malam Sallau Lausu, kuma allon da iyalansa suka dawo da shi za a kafa shi a bakin ƙofa. An soke tsarin karɓa-karɓa daga ranar Litinin mai zuwa, an dawo da wunin aiki irin na shekarun da marigayin ya fi kowa ƙwazo, wato daga safe zuwa bayan isha'i har da Asabar, kuma za a riƙa kiran wannan tsari Lokutan Malam Sallau. Kujerarsa za a bar ta babu kowa har zuwa wani lokaci, don nuna cewa irinsa ba a maye gurbinsu da gaggawa, mutum huɗun da suka rage za su raba aikinsa a tsakaninsu. Tantance littattafan siton Kibiya da bai ƙarasa ba, an ɗora wa Malama Hansatu Sagiru, tunda ita ta fi kowa kusa da shi a wurin aiki, za ta riƙa zuwa ranakun Talata da Alhamis, goyon da take da shi kuma ta nemi mai riƙe mata. Roƙon da ma'aikatan huɗu suka kawo na a rufe laburare ranar Litinin su je Lausu addu'ar bakwai, hukuma ta duba ta ga bai dace a rufe zaure mai sunan marigayi a makon farko da ya fara amsa sunan ba. Addu'a daga ko'ina aka yi ta tana isa.

A ƙarshe, Mai Girma Shugaban Kwaleji, a madadin Hukumar Gudanarwa da malamai da ɗalibai, yana roƙon Allah Maɗaukakin Sarki ya jiƙan Malam Sallau, ya yafe masa kurakuransa, na ɓoye da waɗanda muka gani da idonmu, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Allah ya ba Hajiya Tani da Malama Sa'adiya da Malam Shitu haƙurin jure wannan babban rashi, ya sanyaya musu zuciya su gane masu ƙaunarsu, ya raya marayun da ya bari, ya sa su fi mahaifinsu sanin ciwon kansu. Su kuma abokan aikinsa huɗu, Allah ya ba su lafiya da ƙarfin ƙafa, a same su a bakin aiki ranar Litinin da ƙarfe bakwai na safe, za a ɗauki sunan wanda ya makara.

Sa hannu:
Alhaji Mukhtar Ishiyaku Nariya
Babban Jami'in Yaɗa Labarai da Hulɗa da Jama'a
A madadin Hukumar Gudanarwa, Kwalejin Ilimi ta Rafin Marke, Rano
Jumada Sani 1426, Yuli 2005