Tsanin Inna

Litinin, 3 ga Yuni

Yau kwana ashirin da rasuwar Inna. Shekarata saba'in da ɗaya, jikokina tara, amma wai ni ne maraya. Na je buɗe tagar ɗakinta da hantsi, sai na ji bakina yana sallama. Takalmanta na bakin ƙofa, ɗaya a kan ɗaya, yadda ta saba tuɓe su.

Alhamis, 6 ga Yuni

Ƙannena biyu, Tela da Direba, ba sa magana da juna. Tela ya ce safiyar da Inna ta cika Direba na gefenta, waya a aljihu, bai kira shi ba sai da aka rufe mata ido. Daga shagonsa zuwa nan tafiyar minti goma ce. Ya ce shi da Direba har abada. Tsofaffi biyu, kowa da furfura har a gira.

Mako guda kafin ta tafi ta damƙe mini wuyan hannu. "Babba, su biyun nan na bar maka. Kada in ji labari." Na ce, Inna, a ina za ki ji? Ta ce, "Gwada ka gani."

Asabar, 15 ga Yuni

Na tuna tsani.

Inna ba ta taɓa hawa ko kan kujera ba, amma tana da tsanin katako, matakala goma sha huɗu, nauyi kamar gawar jaki. Mutum ɗaya ba ya iya ɗaukarsa. Ba ta zaunar da kowa ta yi sulhu. In biyu sun ɓata, sai tsanin ya tafi aro gidan ɗaya. Bayan kwana uku ta kira ɗayan: "Rufina na yoyo. Je ka ɗauko mini tsanina, da ƙafarka." To, dole ka yi sallama, dole ka ce kama mini. Ga lungunmu da lanƙwasa biyu masu matsi: na gaba ya ce ɗaga, na baya ya ce sannu mana, za ka karya ni. Kafin su iso sun zagi juna sun gama, har an fara dariya. Ita kuwa sai ta dubi sama ta ce ai yoyon ya tsaya da kansa.

Shekara hamsin da wannan ta riƙe mu, mu da 'ya'yanmu da surukai. Yanzu haka tsanin na gidan Direba. Ko da gangan ta bar shi can? Allah masani.

Talata, 18 ga Yuni

Na kira Tela na ce rufina na yoyo, ya je gidan Direba ya ɗauko mini tsani. Ya ce to, Yaya.

Da la'asar sai ga shi da wani tsanin ƙarfe mai naɗewa, ya rataya a kafaɗa kamar jaka. Ya hau, ya duba, ya sauko yana kaɗe hannu. "Yaya, rufinka ya fi ka lafiya." Ko ruwa bai sha ba.

Laraba, 26 ga Yuni

Direba ya kawo tsanin a bayan mota, ya sa aka sauke mini a tsakar gida. Na fara kame-kame. Ya ce, "Yaya, bar wahalar da kanka. Duk mun san dabarar, tun muna samari. Ba don tsani muke shiryawa ba. Kunyar tsohuwa muke ji, tana yi mana ƙarya da girmanta." Ya dube ni. "Kuma kai ka san abin da ka sani."

Na sani.

Lahadi, 7 ga Yuli

Ruwa tun asuba. Tsanin na jiƙewa, ba mai kama mini mu shigar da shi.

Juma'a, 12 ga Yuli

Bari in rubuta, tunda takarda ba ta da baki. Safiyar da Inna ta cika, Direba ya fito da waya zai kira Tela. Ni na riƙe masa hannu. Na ce bari, sau uku muna tara mutane tana farfaɗowa tana yi mana tsiya, kada mu raba shi da aikinsa a banza. Gaskiyar ita ce ban so a kira ba, don in an kira ya tabbata ke nan. Wata biyu Direba na ɗauke da laifina, bai faɗa wa kowa ba, don ni ne babba. Ni kuma ina yawo da tsani ina wasan mai sulhu.

Tun muna yara Inna kan ba mu tatsuniyar gizo, kullum ni ke cewa Allah ya ƙara idan aka kama shi. Ashe ni ne gizon.

Tsohon ciwon ƙirjina ma ya dawo da nauyinsa. Idan na bi Inna a haka, da wace fuska?

Talata, 23 ga Yuli

Jiya na je shagon Tela. Na zauna a benci, yana kan keke yana ɗinka wuyan riga. Na faɗa masa duka, ban rage ba. Keken bai tsaya ba. Da ya kai ƙarshen layi ya yanke zare da haƙori, ya ce, "Ka gama, Yaya?" Na ce na gama. Ya ce, "To, ka tare mini haske."

Yau ya wuce ta ƙofata bai gaishe ni ba, karo na farko tun da ya iya magana. Matar Direba ta ce an gan shi a ƙofar gidansu, a tsaye; bai shiga ba, amma sun daɗe shi da Direba.

To, Inna, kin ce su biyu. Ba ki ce uku ba.

Abincin rana na cinye tas. Yunwa ce kawai, ina jin.