Kakanmu Yunusa a Akwatin Bature

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ɗakin Adana Tsofaffin Takardu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, kai da ma'aikatanka, da fatan iyali suna lafiya. Ina rubuto maka wannan wasiƙa a fili, hankalina kwance, abin da na rasa tun bayan ƙaramar Sallah. Da wata biyu da suka wuce na rubuta ta, da ba ta yi daɗin karatu ba.

Ni malamin tarihi ne a wata sakandare nan Wudil. Muna da gonar gado a Utai, wadda kakan mahaifina ya noma. Baƙo ne da ya zo daga gabas da matarsa da fartanyarsa, shi ya sa kowa ke ce masa Malam Baƙo. A bana maƙwabcinmu na gona, Malam Haruna, ya kai ƙara wurin dagaci cewa kakansu ne ya ba kakanmu aron gonar, kuma yanzu suna son abinsu. Dagaci ya ce mu kawo shaida kafin ruwan shuka ya sauka, in ba haka ba kowa ya janye hannu. Gidaje huɗu ne na danginmu ke ci daga wannan gona. Wannan ya kawo ni ofishinka, kuma ga abin da na gani.

Na ɗaya. Sau shida na zo. Zuwan farko aka ce mai makulli ya tafi ta'aziyya. Na biyu ya dawo, amma makullin bai dawo ba. A zuwa na uku aka miƙo mini takarda in cike, aka ce ba za a taɓa komai ba sai na rubuta cikakken sunan wanda nake nema. Na rubuta Malam Baƙo. Akawunku ya dube ni ta saman tabarau, ya ce sunan yanka ake nufi.

Na biyu, kuma a nan laifin namu ne, ba naku ba. Ni da nake koya wa yara sunayen sarakunan ƙasashen da ban taɓa takawa ba, sai ga shi ban san sunan kakan mahaifina ba. Mutum ɗaya ta rage da ta sani, Gwaggo Asabe, yayar mahaifina, wadda ta haura tamanin. Sai dai ɗanta na fari, da ya rasu yana ƙarami, sunan aka sa masa, Dattijo muke jin ana ce masa. Ga sunan kakanta, ga na ɗanta na fari, alkunya biyu ke nan a kan suna ɗaya. Na lallaɓa, na yi bayanin dagaci da gona, ta ce ita bakinta bai taɓa faɗa ba, kuma ba takardar gwamnati ce za ta sa ta fara da tsufanta ba. Sai da na miƙe zan tafi, ta juya fuskarta bango, ta ce in ni malami ne kamar yadda ake faɗa, in tuna annabin da kifi ya haɗiye. Haka na samu Yunusa.

Na uku. Da na dawo da sunan, aka kai ni inda rajistar gonakin ƙasarmu take. Ranka ya daɗe, a cikin buhu take, a ƙasa, jikin bangon da rufinsa ke yoyo. Da aka kwance bakin buhun, gara ta riga ni karantawa, kuma da alama shafukan Utai sun fi yi mata daɗi. Abin da ya rage na Utai bai kai a naɗe ƙosai ba. Na zauna a bakin ƙofa ina tunanin abin da zan gaya wa ƙannena.

A nan wata ma'aikaciyarka, Madam Rifkatu, ta tambaye ni ko na san su wa suka yi iyaka da gonar a wancan zamani. Na tuna labarin Gwaggo na wani Bature ɗan Ingila da ya zo da matarsa da 'ya'yansa ya yi noma kusa da mu na 'yan shekaru, wanda mutane suka sa wa Mai Garma saboda garmar shanun da ya zo da ita. Ta yi murmushi, ta ce in biyo ta.

Na huɗu. Iyalin Mai Garma suna da akwatin ƙarfe nasu su kaɗai, a saman kanta, a ɗakin da fanka ke juyawa. A ciki akwai salsalarsu har kakanni bakwai, manoma ne duka a wani ƙauye can ƙasarsu, da ranar haihuwar kowa da ranar aurensa. Akwai sunan jirgin ruwan da ya kawo su. Akwai sunan karensu, da ranar da saniyarsu ta haihu. Na karanta wannan duka ina haɗiyar miyau. Sai a ƙasan akwatin muka tarar da taswirar gonarsa da wasiƙar da ya rubuta wa hukuma yana ƙorafi. Ya so ya faɗaɗa gonarsa ta gabas, dagacin lokacin ya hana shi, domin wani Yunusa, baƙo daga gabas, ya riga ya sare dajin da hannunsa, kuma an ba shi wurin kyauta a gaban shaidu. Baturen, saboda haushi, har sunayen shaidun ya jera. Na biyunsu shi ne Sarkin Noma na wancan lokaci, kakan Malam Haruna.

Na kai hoton takardar gaban dagaci, na fassara musu layi-layi. Malam Haruna ya ce shi ma ji ya yi daga mahaifinsa, kuma ba zai yi jayayya da shaidar kakansa ba. Muka yi musabaha. Mun yi shuka da ruwan farko, geron ya fito.

Ba na jin haushin Mai Garma. Mutum ne da ya rubuta komai, har abin da ya ɓata masa rai, kuma ɓacin ransa ne ya cece mu. Mu kuwa mun ajiye namu a bakin tsofaffi, tsofaffin kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Amma abin da aka rubuta namu, ku aka ba amanarsa.

Saboda haka ina roƙon abu uku. A gyara rufin nan kafin ruwan Agusta. A ƙara layi ɗaya a takardar da ake cikewa, inda mutum zai sa laƙabi, domin a ƙasar nan akwai kakanni da yawa da jikokinsu ba su san su da komai ba sai Dogo da Baƙo da Mai Gero. Sannan a duba Madam Rifkatu da idon rahama idan lokacin ƙarin girma ya zo.

Akwai roƙo na huɗu da ban lissafa ba. Da na kai wa Gwaggo hoton takardar, ta ce in nuna mata daidai inda sunan yake. Na nuna. Ta ɗora yatsa a kai ta daɗe, ba ta faɗe shi ba, har yau kuma ba ta faɗa ba. Buhun nan cike yake da irin waɗannan sunaye, na ƙauyukan da gara ba ta kai gare su ba tukuna. Don Allah a ɗaga shi daga ƙasa, a ɗora shi a kanta ɗaya da akwatin Mai Garma. Ba za su yi faɗa ba, dama maƙwabtan juna ne.

Allah ya taya ka riƙo, ya ba ka ikon sauke amanar da ke wuyanka, ya jiƙan magabatanmu da naka, waɗanda aka rubuta da waɗanda ba a rubuta ba.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Malam Ibrahim Baƙo,
Sabon Gari, Wudil.