Baƙin Ƙyalle a Kan Amya

Alhamis, 1 ga Afrilu, 1652

Yau zuma suka fara fita tun da sanyi ya ja baya. Ni da ɗalibata Cecily, 'yar maigida, muka kwashi littattafai muka koma gindin itatuwan tuffa, don ba mai iya karatu a ɗaki a rana irin wannan. Kogi ya wayi gari yana tururi, har hantsi bai daina ba, gidan Fenlow kamar a kan gajimare aka ɗora shi. Ta karanta Latin ɗinta ba tuntuɓe. 'Yar shekara tara! Na ce in ta ci gaba haka, ni za a sallama ita ta zama malama. Ta ce ta yarda, amma kar in sa ran hutun Asabar.

Baƙaƙen ƙyallayen makoki suna nan ɗaure a kan amyoyi, duk sun koɗe. Ita ta ɗaura su da hannunta a watan Satumba, ranar da baran mahaifinta Sir Ambrose ya dawo daga yaƙin Sarki da Majalisa a Worcester yana jan doki ba mahayi, ya ce a kan idonsa maigida ya faɗi. Uwargida Lady Honor ta kasa tashi daga gado, Robin ƙanen Cecily kuwa ko shekara biyar bai cika ba. Tsohuwa Dorcas mai kula da zuma ta ce dole wani jinin gidan ya sanar da su, in ba haka ba su yi fushi su bar mu. Cecily ta ɗauki babban mabuɗin gida, tana ƙwanƙwasa kowace amya tana cewa, "Maigidanku ya rasu." Sai a ta ƙarshe ta fashe da kuka, ta kama hannuna. Tun ranar mabuɗin yake aljihuna. Lady ce ta ce in riƙe.

Lahadi, 4 ga Afrilu

Ni na yi addu'ar abinci, ni na yanka nama, a kujerar maigida kamar kullum. Ban san lokacin da na daina jin nauyin hakan ba.

Laraba, 14 ga Afrilu

Sir Ambrose yana raye. Ya shigo da ƙafarsa ta hanyar lambu. Sai gobe zan rubuta.

Alhamis, 15 ga Afrilu

Bari in rubuta, ko na yarda da abin da na gani.

Muna cikin darasin taurari sai muka hangi wani ramammen mutum a tsaye tsakanin itatuwa, kansa aske, hannunsa na hagu a sandare. Na ɗauka mai neman aikin gona ne. Karen gida ne ya fara gane shi, ya kwanta a ƙafarsa yana wani irin kuka. Sannan Lady ta fito ba takalmi.

Ashe bai mutu ba, suma ya yi a cikin gawarwaki, aka kwashe shi da sauran kamammu zuwa arewa. Takobi ya same shi a maƙogwaro. Mutumin da shekara da shekaru yake tsayawa a Majalisa da sunan lardin nan, wanda in ya yi dariya a bene ana ji a barga, yanzu sai ka kai kunne kusa da bakinsa. Ya ce min cikin raɗa, "Malam Pell, 'yan Majalisa sun daɗe suna addu'ar in yi shiru. Ka ga an amsa musu." Na yi dariya, hawaye na zuba. Na yi murna. Wallahi na yi murna.

An sake shi ne bisa sharaɗi: ko ya yi wa sabuwar gwamnati rantsuwar biyayya, ko ya bar ƙasar kafin ranar Yahaya Mai Baftisma, tsakiyar bazara. Ya ce baki ɗaya gare shi, kuma ya riga ya rantse wa Sarki da shi. Ke nan wata biyu da 'yan kwanaki za mu gan shi.

Robin tuni ya haye wuyansa. Cecily kuwa ta dube shi tun daga kai har ƙafa, ta rusuna kamar yadda na koya mata a yi wa baƙo, ta ce, "Barka da zuwa, yallaɓai." Ta zagayo bayana ta riƙe gefen rigata.

Litinin, 19 ga Afrilu

Na koma tsohuwar kujerata kusa da taga. Iska na shigowa ta wajen, na manta.

Mabuɗi kuwa ba wanda ya tambaya, ni ma ban tuna ba sai da na zo tuɓe riga.

Talata, 27 ga Afrilu

Har yanzu "yallaɓai" Cecily take ce masa. In ya shigo ɗakin karatu sai ta miƙe tsaye har ya fita. Lady ta fusata, ta ce yau da kanta za ta yage ƙyallayen nan, gida da mai shi a raye ana makokinsa. Dorcas ta tare hanya da sandarta: "A'a, uwar ɗakina. Bakin da ya faɗa musu shi zai warware. Ki taɓa su da hannunki, gobe ki tarar da amya wayam." Sir Ambrose ya ɗaga hannu, ya yi raɗa, sai da muka matso: "Ku bar ta. Ni ma da na ga fuskata a ruwa ban gaishe ta ba."

Tuffa ta fara fure. Duk lambun fari fat, in iska ta kaɗa sai ka rasa gane sama da ƙasa. Na hange shi da hantsi zaune a kan benci daga nesa, yana kallon yarinyar tana jera tsakuwa tana yi min zanen taurari. Bai matso ba. Ni ma ban kira shi ba.

Asabar, 1 ga Mayu

An hana rawar shigowar watan Mayu a dandalin ƙauye, sai yara suka yi tasu a bayan rumbu. Dorcas ta bi ni da kallo ta ce, "Malam Latin, me ke cikin aljihun nan haka? Ya karkatar maka da riga gefe guda, kamar jakin da aka yi wa lodi ba daidai ba." Na ce littafi ne. Ta ce, "Oho. Littafi mai ƙara."

Lahadi, 9 ga Mayu

Yau Cecily ta faɗa min dalilinta. Muna bakin kogi tana jefa furanni a ruwa.

Ta ce Dorcas ta sha faɗa mata zuma ba sa zama gidan maƙaryaci. "In mutumin nan shi ne maigida, Malam, to ƙarya na yi musu. Sun yarda da ni, duk sanyin nan suna ciki suna makoki. In na je na ce wasa ne, tafiya za su yi." Na fara yi mata bayanin cewa kuskure daban, ƙarya daban, wanda ya faɗi abin da aka faɗa masa da zuciya ɗaya ba ya cikin maƙaryata. Na iya wannan darasin sarai, na sha koyar da shi. Sai ta katse ni da ƙaramar murya: "Kuma in shi ne, ai zai sake tafiya." Ta jingina kanta a kafaɗata. "Ba komai. Ai ina da kai."

Nan darasin ya tsaya. Ban ƙarasa ba. Muka zauna muna kallon furannin suna bin ruwa har suka sha kwana.

Me ya hana ni ƙarasawa?

Juma'a, 14 ga Mayu

Mafarki: ni ne a cikin amya, ko'ina zinariya da ɗumi, ana ta guna-guni mai daɗi. Wani yana ƙwanƙwasawa daga waje a hankali, na san ko wane ne, na yi kamar barci nake.

Alhamis, 20 ga Mayu

Sir Ambrose ya same ni a ɗakin karatu bayan yara sun fita. Ya jima yana shafa littattafanta. Shi ne fa ya dage tun farko cewa 'yarsa za ta koyi duk abin da ɗa namiji ke koya, shi ya ɗauko ni daga jami'a ina da riga ɗaya. Ya ce, "Ka riƙe min su da kyau, Jonas. Na gode." Bai taɓa kiran sunana tsirara ba. Sannan ya tambaye ni wane launi ta fi so yanzu, har yanzu tana tsoron agwagi? Yana tambaya kamar mai roƙon a ɗan buɗe masa taga ya leƙa cikin gidansa.

Na amsa masa duka. Na san duka. Abin da ya dame ni ke nan, har daɗin sanin nake ji.

Ya fara shirya akwatinsa. Jirgin ruwa zai tashi daga Bristol.

Laraba, 26 ga Mayu

Ruwa wuni guda. Gwiwar Dorcas ta kumbura, tana kwance.

Talata, 1 ga Yuni

Rana ta buɗe da zafi bayan ruwan nan, iska ta tsaya cik. Wajen tsakar rana muka ji wata ƙara kamar kogi ya sauya hanya ya biyo ta lambu. Babbar amya ce ta fashe da tashi. Zuma sun cika sama, baƙi da ruwan zinariya, suna juyawa kamar hayaƙi. Kowace bazara suna yin haka in sun yi yawa, kuma kowace bazara ni ke taya Dorcas: a buga tukunya da mabuɗi har su sauka a reshe, a kara sabuwar amya a ƙasa, a girgiza. Na iya, ko ido rufe.

Amma Cecily ba ta ga bazara ba, hukunci ta gani. Ta zo da gudu fuska ba jini: "Malam, sun gane! Tafiya za su yi! Ka tsayar da su, don Allah, kai ka iya!" Har ta ɗauko tukunyar tagulla daga madafa.

Na sa hannu a aljihu. Can ƙarshen lambu na hango Sir Ambrose ya miƙe daga bencinsa, ya ɗauki sabuwar amya da hannunsa mai lafiya, sannan ya tsaya. Yana jira ya ga ko ana bukatarsa, a cikin lambun kakanninsa.

Na ce mata, "Ba zan iya ba, hannuna rawa yake." Ta ce ƙarya ne. Na ce to, ƙarya ce, zuma su yi shari'a da ni. Na ciro mabuɗin na danƙa mata. "Ba nawa ba ne, ba kuma zumana ba ne. Kai wa mai su."

Irin kallon da ta yi min, ba zan rubuta ba. Ta juya ta ruga.

Daga inda nake ina ganin komai kamar ta cikin ruwa. Ya nuna mata da kai ta buga, ta yi ta bugawa, ƙarar tagulla na yawo cikin itatuwa, Robin na tsalle yana ihu daga bakin ƙofa. A hankali hayaƙin ya dunƙule, ya sauko, ya rataya a reshen tsohuwar tuffa kamar gemu. Ya kara amya a ƙasa, ya dafe ta da ƙirji. Hannu ɗaya ba ya girgiza reshe. Ya yi magana, ba ta ji ba. Ya sake, ba ta ji ba. Dole ta matso har gashinta na taɓa kumatunsa. Daga baya ta gaya min abin da ya ce: "Ba sa jina, Cis. Ara min muryarki."

Ita kam na ji ta, har inda nake. "Maigidanku ya dawo! Ba ƙarya na yi muku ba, haka aka faɗa min! Ku yi haƙuri ku zauna!" Ta kama reshen ta girgiza, dunƙulen ya faɗa cikin amya tim.

Sai ɗaya ta harbe shi a kunne. Mutumin nan ya kama dariya, ba sauti ko kaɗan, kafaɗu kawai ke rawa, kai a baya, ido a rufe, sak yadda yake yi a da. Amya na tangaɗi a ƙirjinsa. Ta daka masa tsawa: "Baba, ka daina motsi mana, za ka zubar da su!"

Ya daina. Su duka biyun suka daina.

Da la'asar ta bi amyoyi ɗaya bayan ɗaya tana kwance ƙyallaye, shi yana biye yana karɓa. Dorcas ta leƙo ta taga tana faɗa wai an buga mata tukunya har ta lotsa.

Litinin, 7 ga Yuni

Cecily ba ta zo darasi ba, suna kogi ita da babanta suna kamun kifi. Na gyara alƙaluma duka, har waɗanda ba su bukata.

Talata, 22 ga Yuni

Ya tafi da safe. Ta raka shi har gada, a kan dokinsa, a gabansa. Ta yi kuka sosai, irin kukan da ake yi wa rayayye. Da ta dawo ta wuce wurin zuma ita kaɗai, ba ƙyalle a hannunta. Ban bi ta ba.

Alhamis, 24 ga Yuni

Lady Honor ta miƙo min mabuɗi, ta ce in ci gaba da riƙewa kamar da. Na ce aljihuna ya yage. Na buga ƙusa a bayan ƙofar zaure na rataye shi, daidai inda hannun Cecily zai kai. A tebur ma na ce ni wajen taga ya fi min, saboda iska.

Ni da Cecily mun koma Latin. Ta ce in koya mata kalmomin teku da na jiragen ruwa, da yadda ake cewa "zai dawo". Na koya mata. Darasi ne mai kyau, watakila ya fi duk waɗanda na taɓa bayarwa.

Da yamma, ba kowa a lambu, na bi ta wajen sabuwar amya. Sun zauna, har sun fara saƙa. Ban taɓa yarda suna jin magana ba. Na dai ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, na sunkuya na faɗa musu wata gajeriyar gaskiya da ban faɗa wa kowa ba. Ba su tashi ba.