Tarar da Banki Ya Ci Ni

Zuwa ga Uwargida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya. Ya jikin 'yarmu Ƙanƙara? Ya zaman asibiti? Ki gaishe mini da Yaya da maigidanta, Allah ya saka musu da ɗawainiyar da suke yi da ku a gidansu.

Na ba direban mota wannan takarda ne don maganar ba ta waya ba ce. Na san yarinyar nan, ko idonta a rufe yake, kunnenta na kan wayarki.

Kin san inshorar lafiyar da ke biyan wankin ƙodarta, banki ne ke cire kuɗin daga asusuna duk farkon wata ya tura musu. To wannan watan mai otal ɗin da na gyara wa ɗakin sanyi ya yi mini wasa da biya. Banki ya zo cira bai tarar da abin da ya isa ba, sai ya ci ni tara. Washegari mai otal ya turo rabin kuɗina, na lissafa na ga ya wadatar, hankalina ya kwanta. Ashe tarar ta riga ta gutsuri nata. Da suka sake gwadawa, sai kuɗin ya gaza da ɗan abin da bai kai cefanen yini ba, suka ƙara lafta mini wata tarar. Ko saƙon waya ba su turo ba sai da aka gama.

Na rufe shago na je. Na zauna a layi ƙarƙashin wata na'urar sanyaya ɗaki da ke ɗiga cikin bokiti, hannuna har ƙaiƙayi yake in tashi in duba ta. Da layi ya zo kaina, yarinyar da ke bayan gilashi ta ce ba mutum ne ya cire ba, kwamfuta ce. Na ce to a kira mini kwamfutar mu yi magana. Ta yi dariya, ta miƙo mini takardar ƙorafi na cike. Ta ce in saurari kira.

Kada ki sa abin a ranki. Ki ce wa Ƙanƙara firij ɗinmu ya yi kewar mai buɗe shi tana satar ƙanƙara.

Ki huta lafiya.
Naki,
Baban Ƙanƙara.

*

Zuwa ga Uwargida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da jinya, ina gaida Yaya. Ya ƙarfin jikin yarinya? Kumburin ƙafar ya saɓe?

Tun ranar da kika kira ni kina kuka a bakin tagar biyan kuɗi, kika ce katin inshora ya ƙi aiki, ban sake cin abinci na ji ɗanɗanonsa ba. Na ce miki zan gyara, ga inda na kai.

Na je ofishin inshorar da kuɗin a hannu. Sun karɓa, amma suka ce tunda cirar ta faɗi sau biyu, an dakatar da mu. Hanya biyu ce: ko banki ya rubuto cewa kuskuren nasu ne a maido mu yadda muke, ko a ɗauke mu a matsayin sabbin shiga. Sabon shiga kuwa sai ya yi wata shida kafin a biya masa ciwon da ya zo da shi. Na ce wa mutumin ƙoda ba ta san wata shida ba. Ya sunkuyar da kai yana juya biro, ya ce ya sani, amma ba shi ya kafa dokar ba.

Na koma banki har na daina ƙirgawa. Yau manaja yana taro, gobe ya fita, jibi takardata tana hedikwata. Ran Laraba na kutsa ofishinsa. Mutum ne mai fara'a, har ruwa ya sa aka kawo mini. Ya ce na sa hannu a kan sharuɗɗa lokacin da na buɗe asusu, tara kuwa tana ciki. Na ce na yarda da ta farko, laifina ne ko na mai otal. Amma ta biyun fa? Su suka rage kuɗin da hannunsu, sannan suka hukunta ni don kuɗin ya ragu. Ya ce ana bincike. Ban san lokacin da muryata ta tashi ba, sai ji na yi mai gadi ya riƙe mini gwiwar hannu yana cewa, "Baba, yi haƙuri, mu je waje." Kin san ni ba mai hayaniya ba ne. Na zauna a kan dakalin ƙofarsu, mutane na wucewa suna kallona.

Na sayar da babur. Na sayar da tukunyar gas da injin walda, na bar sukundireba da filaya kawai. Kuɗin yana cikin ambulan ɗin nan. Na san ba zai ɗauki wanki uku a mako ba kamar da. Ki tambayi likita tsakani da Allah, in an koma ɗaya, me zai faru? Kada ki ɓoye mini amsar.

Da na sallami aikin da ke hannuna zan taho. Ki shafa mini kanta.

Mijinki,
Baban Ƙanƙara.

*

Zuwa ga Uwargida,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri? Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan yarinyar nan, ya sa mai cetonmu ce. Ina gaida Yaya. Ta ce mini har yanzu ba kya cin abin kirki, kuma ba kya son a ambaci komawa gida. Ban ga laifinki ba. Ni ma da na dawo bayan mun binne ta, a shago nake kwana. Ban iya buɗe ƙofar ɗakinta ba.

Na daɗe ina juya yadda zan rubuta miki wannan.

Banki sun kira ni. Sun gama bincike, sun ce ina da gaskiya: bai kamata a sake gwada cirar ba tare da an sanar da ni ba. Sun maido tarar ta biyu, ta farkon ma sun yafe. Manaja ya miƙo mini hannu yana murmushi, ya ce ai ya faɗa mini komai zai daidaita, ya tambaye ni ya mai jiki. Na faɗa masa. Ya tsaya da hannunsa a miƙe bai san inda zai kai shi ba. Na karɓi takardar sakamakon binciken na fita.

Su da kansu suka aika wa inshora, inshora ta maido mu yadda muke. Farkon watan nan an cire kuɗin lafiya lau, na mutum uku: ni, ke, da ita.

Na je ofishin inshorar in ce a cire sunanta. Suka ce ba sa cire suna da baki, sai an kawo takardar shaidar rasuwa, ta ainihi, ba hoto ba. Na koma banki na ce to su dakatar da cirar. Yarinyar bayan gilashi ta rage murya ta ce in na yi haka ba da sanin inshora ba, za su ci gaba da nema, a rubuta mini bashi, kuma mu biyun ma a sake dakatar da mu. Idonta ya kawo ruwa tana faɗa. Na ce ba komai, 'yata, na gode.

Takardar tana wurinki, a jakar da kika zuba katunan asibiti. Na san ba ki taɓa jakar ba tun ranar. Ba na so ki buɗe ta ke kaɗai, ba na kuma so a damƙa wa direba sunan 'yata a cikin ambulan kamar saƙon kaya. Zan zo ran Asabar a motar farko, mu buɗe tare. In kin ji za ki iya, mu dawo gida tare. In ba za ki iya ba, zan karɓi takardar in juyo, in ci gaba da jiranki.

Ki ci abinci, don Allah.

Mijinki,
Baban Ƙanƙara.