Zan Zo Miki da Ƙofar Ɗakinmu

Zuwa ga sanyin idona, inuwar tsufana, ruwan randata a tsakiyar zafi, uwar 'ya'yana,

Ina gaishe ki da gaisuwar da ta fi ƙarfin bakina, ke da kike kwance a gidan babbar 'yarmu can ƙarshen gari, harshenki ya yi nauyi, hannunki na dama ya ƙi ɗaguwa. Maƙwabcinmu mai gyaran rediyo ne ya riƙe biro, ni nake faɗa, don kin san ni da rubutu ba mu taɓa shiri ba. A karanta miki a hankali, kada a tsallake komai.

Kin tuna mararrabar ƙofar gidanmu tun tana turba, rairayi har idon sawu? Kin tuna ranar da ruwan sama ya tsare ki da ƙunshin itace a ka, na tsaya da amalankena na ce ki ɗora, kika dube ni sama da ƙasa kika ce amalanken ya fi mai shi kyau? Wayyo tauraruwata! Dariyar nan taki har yau tana cikin kunnena kamar kukan tsuntsu bayan an ɗauke ruwa. Ni kaɗai na rage a layin nan da na san inda bishiyar da muka fake take. Yanzu kwalta ce a wurin, motoci sun cushe a kai baki da hanci tun safe, ga hayaƙi, ga hon, ga zagi.

Ranar da kika faɗi, masu ƙirga motoci suna bakin titi da rigunansu masu ƙyalli. Sun shimfiɗa wata igiyar roba a kan kwalta, sun maƙala kyamara a jikin falwaya, kowa da ɗan ƙarfe a hannu yana dannawa kamar mai jan carbi. Muka saka ki a tasi, tasi ta shiga cunkoso ta kafe. Rana ta taso ta hau kanmu, ba gaba ba baya, kanki a cinyata, bakinki yana karkacewa ina kallo. Wace irin hanya ce wannan da take haɗiye mutum da ransa? Na sauka a guje, na koma gida na jawo tsohon amalankena, na shimfiɗa miki zanenki, na ratsa da ke tsakanin motoci ina roƙon a ba ni hanya. Da muka zo wucewa ta gaban masu ƙirgar, na ji wata daga cikinsu, idonta ya ciko da ƙwalla, tana tambayar ɗan'uwan aikinta a wane layi za ta rubuta mu. Ya ce ba a ba su layin amalanke ba. Ba laifinsu ba ne, aikin da aka sa su ke nan. Amma ke, farin watana, ke da kika cika gidana da haske, a ce ba ki shiga lissafi ba! Da muka isa asibiti, likita ya girgiza kai ya ce da mun zo da wuri.

To, lissafin nasu ya fito. Wai motoci sun fi ƙarfin titin, za a faɗaɗa shi. An shafa jan fenti a bangonmu, daidai tagar da kike leƙo ni. Duk gidan da aka tarar babu kowa, shi katafila ke fara ci. Tela ya tashi, aka rushe. Mai shayi ya tashi, aka rushe. Ni na kafa kujera a ƙofa na ce sai dai su haɗa da ni. Shi ya sa nake zuwa jefi-jefi kamar baƙo: in na shiga bas da safe, cunkoso ya riƙe ni, kafin in iso magani ya sa ki barci, ni kuma hankalina yana gida, sai in juyo ban ga idonki a buɗe ba. Zuciyata ta rabu biyu kamar ƙasar da fari ya tsaga.

Jiya 'yarmu ta zo ta tsaya a kaina, da irin tsayuwarki sak. Ta ce, “Baba, bango kake gadi, Inna kuma tana tafiya. Duk motsin ƙofa sai ta juyo da ido.” Kin san taurin kaina, ke kika sha fama da shi. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji kamar dutse.

Ashe ƙofa kike saurare, raɓar safiyata? Ƙofar nan tamu mai ƙara, wadda kika gaji da cewa in ɗiga mata mai ina ƙi, har kika ce bar ta, da kukanta kike sanin na dawo? Ƙofar gidan 'yarmu ba ta kuka. Ta yaya za ki san ni ne?

Na aro sukurdireba a wurin mai gyaran rediyo. Gobe zan kwance ƙofar, in ɗora ta a amalanke, in turo ta da ƙafata har inda kike. Ba zan shiga motar kowa ba. Su ci bangon, su ci tagar, su zuba kwalta a kan ɗakin da kika haifi 'ya'yanmu. Zan kafa ƙofar a ɗakin da kike kwance, kuma ba zan ɗiga mata mai ba.

Ki jira ni, don Allah ki jira ni. Gwiwoyina sun tsufa, hanya ta cushe, amma ina tafe. In kin ji kukan nan, ki buɗe ido.

Naki tun daga ranar ruwan nan har ranar da za a ɗauke ni,
Mai amalankenki.