Kun Sake Ɗaure Mini Baki A Zauren Mahaifina

Zuwa ga shugaba da injiniyoyin kamfanin da ya ƙirƙiro manhajar allon rubutu ta Hausa da ke cikin wayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku, yaya aiki, yaya haƙuri da jama'a? Ba zan kama sunan kamfaninku ba, don ban zo ɓata muku kasuwa ba, kuma kun san kanku. Na fito fili ne saboda duk ƙofar da na ƙwanƙwasa a asirce na tarar da ita a garƙame.

Sunana Malam Ɗalhatu. A cikin birnin Zariya aka haife ni, kusa da Ƙofar Galadima, a gidan da aka haifi mahaifina. Aikin akawu na yi har na yi ritaya, kuma yawancin shekarun nan a gaban tafireta na cinye su, ina bugu da yatsu goma idona na kan takarda. Saboda haka in ana maganar allon haruffa, ni ba baƙo ba ne.

Shekarun baya kaɗan hawan jini ya kayar da ni ina cikin alwala. Na farfaɗo a asibiti ɓarin jikina na dama ya shanye, harshe ya yi nauyin da ba ya juyuwa. Hankalina ras yake, alhamdu lillahi. Magana tana nan cike da ƙirjina, sai ta zo maƙogwaro ta maƙale, abin da zai fito ko maiɗakina Hajiya Binta sai ta yi ta canka. Na gwada biro da hannun hagu, rubutun ya fito kamar sawun kaji, ga hannun kuma yana ɗan rawa. A wannan hali 'yata Hadiza, wadda ke aure a Kufena, ta sa mini manhajarku.

Yabon gwani ya zama dole. Allonku na wancan lokaci ya mayar da ni cikin mutane. Haruffan manya ne, ana iya tattara su gefen hagu inda babban yatsana yake kaiwa. In hannu ya yi rawa na taɓa harafi sau biyu, sau ɗaya yake ɗauka. Ya koyi bakina har ya zama in na buga farkon kalma sai ya miƙo mini sauran. Ga kuma maɓallin da ke karanta abin da na rubuta a bayyane. Muryar ta wata budurwa ce, shi ya sa abokan zamana na ƙofar masallaci suka laƙaba mini Amarya, in na iso su ce a matsa wa amarya wuri. Ban taɓa jin haushi ba, ai wanda ake tsokana shi ne ake lissafi da shi. Da muryar yarinyar nan na yi ta'aziyya, na sasanta maƙwabta, na yi cinikin ragon layya har na ci riba.

To, ga abin da kuka yi mini bayan ƙaramar Sallah, ranar da manhajar ta sabunta kanta ba tare da ta tambaye ni ba.

Na farko, kun tsuke haruffan don ku sama wa hotunan dariya da na kuka wuri a sama. Tsarin hannu ɗaya ya ɓace, haƙurin da allon yake yi da rawar hannuna shi ma ya tafi. Yanzu in na nufi harafi ɗaya sai uku su faɗo, in je gogewa in goge har da na kirki. Kun kawo rubutun jan yatsa a kan gilashi, wanda sai mai lafiyayyen hannu. Babban abin da kuke alfahari da shi kuwa shi ne wai mutum ya yi magana waya ta rubuta masa. Madalla. Kullum sai hoton makirufo ya leƙo yana roƙona in ce wani abu.

Na biyu, duk kalmomin da allon ya koya daga gare ni kun share su. Har da wurin ajiyar da na tara gaisuwata a ciki. Ku da kuke Hausawa kun san gaisuwar cikin birni ba a yi mata yanke. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya mai jiki, yaya haƙurin rashi, kowace da amsarta, kuma amsar ba ta jira. Da, kafin mutum ya rufe baki na danna masa tasa. Yanzu mai gaishe ni zai durƙusa ya yi ta kallon tsakiyar kaina ina fama da gilashi, har ƙafarsa ta yi sanyi ya tashi. Mutane sun koma gaishe ni ta hannun matata. Ina zaune a wurin za a tambaye ta yaya jikin nasa, ya ci abinci kuwa, kamar ana tambayar lafiyar akuya. Wallahi wannan ya fi mini ciwon ciwo.

Na uku, maɓallin murya kun cusa shi can ciki, sai an bi ƙofa bayan ƙofa kafin a kai gare shi, kuma yanzu ba ya aiki sai da data. Ban sani ba ko a cikinku akwai wanda ya taɓa shiga ginin ƙasa na cikin birni. Kaurin bangon zaurenmu ya kai mutum ya kwanta a kansa. Sabis ba ya ratsa shi sai ya ga dama. A zauren nan nake yini, nan baƙi suke samuna, nan ake zaman dangi. Wato dai inda na fi buƙatar baki, nan kuka ɗauke mini shi.

Na huɗu shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki wannan wahala ta rubuto muku harafi bayan harafi, don haka ku yi haƙuri da tsawonsa.

Farkon damina ƙanena Alhaji Shehu ya kira zaman dangi bayan la'asar. Na ɗauka maganar yaɓe ce, don kowace shekara sai an bi soron an toshe inda ruwa zai shiga. Ashe shawara ce ya zo da ita ta a rushe zauren gaba ɗaya, a gina shaguna na bulo masu fuskantar titi, abin da aka samu na haya a riƙa taimakon marayun gidan. Ba zan zalunce shi ba, hujjarsa tana da ƙarfi. Maginan ƙasa sun yi ƙaranci, azara ta yi wuyar samu, marayu kuma ba yaɓe za su ci ba. Sai dai ni ina da tawa. A zauren nan mahaifinmu ya karantar da rabin unguwa, a nan aka yi masa sutura. Kuma akwai fili ta gabas inda da ake ɗaure dabbobi, shi ma yana bakin hanya, zai ɗauki shagunan ba tare da an taɓa soron ba. Wannan kawai nake so in faɗa.

A gidanmu akwai al'adar da muka gada. In an gama shawara, babban gida shi ne zai fara ɗaga hannu, sai liman ya ja addu'a, a shafa Fatiha. Da zarar an shafa, bakin alƙalami ya bushe. Ni ne babba yanzu. Kuma tun da ciwon nan ya same ni kowa ya san da hannu ɗaya nake addu'a.

Kowa ya faɗi albarkacin bakinsa, sannan Alhaji Shehu ya juyo ya ce, “Yaya, kai muke jira.”

Na ɗauko waya. Haruffa suka riƙa tsalle a ƙarƙashin yatsana, in rubuta in goge. Ban kai ga kalma ta uku ba sai tallar takalma ta rufe rabin allon. Na nufi ɗan gicciyen da ake kashe ta, ƙarami kamar ƙwayar gero, na kuskure, sai wani shafi ya buɗe, wani zobe ya kama juyawa yana neman sabis ɗin da babu. Zauren ya yi tsit. Ina jin numfashin mutane, ina jin gumi yana gangaro mini ta bayan kunne. Da na ga shirun ya yi yawa sai na ajiye wayar a cinya, na ɗaga tafin hannuna na hagu, nufina a dakata mini.

Gaba ɗaya suka sunkuyar da kai suka buɗe hannuwa. Liman ya fara. Na girgiza kai, na sake girgizawa, amma kowa idonsa na cikin tafinsa. Kuma ko da harshena lafiya yake, wane ne zai katse Fatiha a tsakiya? Ina ji ina gani aka shafa a kan abin da zuciyata take ƙi. Hawaye suka zubo mini, ƙanena ya dafa kafaɗata yana cewa Allah Ya jiƙan Baba, a zatonsa tuna mahaifinmu na yi. Har godiya aka yi mini wai na sauƙaƙa al'amari.

Kwanaki na ɗauka kafin na haɗa saƙon da zai bayyana wa Alhaji Shehu abin da ya faru. Ya zo ya zauna kusa da ni, ya ce an shafa Fatiha a gaban shaidu, warware ta ba ƙaramin abu ba ne, amma don girmana za a sake zama in ruwa ya ɗauke, kafin leburori su shigo. Na gode masa. Sai dai ta bakin Hajiya Binta na ji cewa wasu cikin dangi sun fara raɗe-raɗin ciwon ya taɓa mini kai, wai yau in yarda gobe in ƙi. Ban ga laifinsu ba, da idonsu suka ga na ɗaga hannu. Yanzu in aka sake zaman nan na sake tsayawa ina dambe da waya, zauren ya tafi, kuma daga ranar ba wanda zai ƙara neman shawarata ko a kan sunan jariri.

Na biyar, na nemi mafita ban samu ba. Hadiza ta kai wayar wurin mai gyara, ya ce tsohon allon ba ya komawa, kun rufe hanyar. Ta sa mini wasu allunan na wasu kamfanoni, duk haruffansu ƙanana, in na rubuta Hausa su mayar mini da ita Turanci, kuma babu mai karanta ta da murya yadda za a fahimta. Wurin da kuka tanada don koke, kafin in gama layi biyu ya rufe kansa ya ce in sake daga farko. Da ƙyar saƙo ɗaya ya shige, amsar da ta dawo ita ce in kira lambar kula da abokan ciniki in yi musu bayani. Hadiza ta kira a madadina, wani saurayi mai ladabi ya ba ta haƙuri, ya ce sabon ya fi tsohon kyau, da sannu Baba zai saba. Gaba kura, baya sayaki. In bar allonku ba ni da baki, in zauna da shi ba ni da baki.

Ban ce kada ku ci gaba ba. Ni ma na ga zamanin da aka kwashe tafireta aka kawo kwamfuta, ban yi kuka ba. Na san tallar nan ita ce abincinku, na san samari suna son hotunan dariya. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Garin neman gira kun cire wa wasunmu ido. Na tabbata ba ni kaɗai ba ne, akwai masu irin ciwona, akwai tsofaffi masu rawar hannu, sai dai yawancinsu ba za su iya rubuto muku ba, saboda abin da za su rubuto da shi ɗin shi kuka lalata.

Ga roƙona, ranku ya daɗe. Ku dawo da manyan haruffa da tsarin hannu ɗaya, ko da a wani lungu ne inda mai buƙata zai kunna. Ku mayar da maɓallin murya bisa fuskar allo, ya yi aiki ko babu sabis. Ku hana talla faɗowa a kan mutum yana tsakiyar rubutu. In kalmomina suna nan a ajiye a wurinku ku maido mini, in sun salwanta na yafe, zan sake koya masa. In duk wannan zai ɗauki lokaci, ku buɗe mini hanyar komawa tsohon allon kawai, ya ishe ni. Kuma nan gaba kafin ku saki sabon abu, ku miƙa wa mutum ɗaya mai hannu ɗaya ya gwada a cikin ɗakin ƙasa.

Ku lura, ban roƙe ku ku ceci zauren ba, wannan tsakanina da 'yan'uwana ne. Mai yiwuwa su saurare ni su ga shawarar Alhaji Shehu ta fi, in haka ta faru zan ɗaga hannun nan da niyya, zuciyata wasai. Abin da ba zan iya haɗiyewa ba shi ne a rushe shi a ce da yardar Ɗalhatu. Ruwa ya fara ja da baya, dawa ta fitar da kai. Shekaranjiya tifa ta sauke yashi a ƙofar gidanmu, yana nan tsibi guda daidai bakin zauren da nake zama.

Allah Ya yi wa sana'arku albarka, Ya ƙara muku basira, Ya ba ku ladan shekarun da kuka ara mini baki. Allah Ya bar muku harsunanku da hannuwanku lafiya har ƙarshen rayuwa, kada Ya nuna wa ɗayanku ranar da za a shafa Fatiha a kansa yana cewa a'a a cikin zuciya.

Ina sauraronku kafin ruwa ya ɗauke.

Wassalam.

Naku,
Malam Ɗalhatu Akawu,
Cikin birnin Zariya.